Darasi Daga Rayuwar Farfesa Ishaya Audu

Hausawa kan ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Wanda ya fi kowa sanin gaskiyar wannan magana shi ne manomin albasa na karkarar Aliero ko Maiyama, wanda zazzaɓi ya kwantar wa ɗa cikin tsakiyar damina, ga dare, ga nisan asibiti. A irin wannan hali, abin da yake nema shi ne likitan da zai samu a kusa, ya kuma saurare shi da mutunci. Don haka ya dace a tuna da marigayi Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya hau manyan muƙamai amma ya ƙare rayuwarsa a tsakiyar talakawa.

An haifi Ishaya Audu a Anchau a shekarar 1927. Ya yi karatun farko a Wusasa ta Zariya, sannan ya wuce Legas da Ibadan da Landan, inda ya zama likita. Ya taɓa zama likitan Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello. A 1966 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, ya riƙe ta har 1975. A zamaninsa ne, a 1967, aka buɗe tsangayar koyar da aikin likita, wadda ta yaye likitoci masu yawa da suka bazu cikin asibitocin Arewa. Daga 1979 zuwa 1983 ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1983 an tsare shi, da ya fito kuma sai ya koma Samaru, ya ci gaba da duba marasa lafiya a asibitinsa. Ya rasu a 2005.

Wannan komawa Samaru ita ce abin lura. Mutumin da ya wakilci Nijeriya a manyan tarukan duniya yana da hanyar zama ƙasashen waje ya huta. Sai ya zaɓi zama kusa da lebura da manomi da mai ƙaramar sana'a. Ɗalibi ba ya koyon tausayi daga littafi. Yana ɗaukarsa ne daga halin malaminsa, kuma wanda ya ga farfesa ya sunkuya yana duba jaririn talaka ba zai raina aikin ƙauye ba.

Darasin ya shafi Jihar Kebbi kai tsaye. A Jega akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya, a Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006. Aliero kuwa ta daɗe da shahara wajen ɗorin karaya, sana'ar da ake gadonta daga iyaye. Ashe koyon jinya a hannun magabaci ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Abin tambaya shi ne, ina waɗanda aka horar suke zuwa bayan sun karɓi takardar shaida?

Wasu za su ce ba adalci ba ne a nemi matashi ya zauna inda babu wuta, babu magani, albashi kuma ba ya isa. Wannan gaskiya ne, kuma nauyin gyaransa yana wuyan hukuma da masu hannu da shuni. Sai dai gini da kayan aiki ba sa duba majinyaci, sai an sami mai zuciyar tsayawa.

Saboda haka, ya kamata malamai su riƙa gabatar wa ɗalibai tarihin irin su Ishaya Audu, hukuma kuma ta kyautata wa duk ma'aikacin da ya yarda ya zauna a karkara. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.