Kyautar Headies Da Waƙar Hausa: Laifin Wane Ne?

Tun a shekarar 2006 da mujallar Hip Hop World ta Ayo Animashaun ta fara bikin karrama mawaƙan Nijeriya, wanda daga baya aka sauya masa suna zuwa The Headies, nake bin wannan biki da idon basira. Ba don ina cikin masu sha'awar rawa da tsalle ba, sai don kasancewar sana'ata nazarin harshe ce, kuma duk inda aka taru aka ce ga gwanin waƙa, to an yanke hukunci ne a kan harshe, ko an sani ko ba a sani ba.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin ganin waƙar Hausa a wannan dandali da ake kira na ƙasa. Mai karatu ya dubi kyautar Next Rated, wadda ake bai wa matashin mawaƙi mai tasowa har da mota: Wizkid ya karɓa a 2011, Davido a 2012, Rema a 2019, Asake kuma a 2023. Ka bi jerin daga sama har ƙasa, ba za ka sami mutum ɗaya da yake rera waƙarsa da Hausa ba. Bikin ya iya ƙetare teku zuwa Atlanta ta Amurka a 2022 da 2023 kafin ya dawo Legas a 2025, amma kunnensa bai iya ƙetare kogin Neja ya iso Kano ba.

Wasu za su ce ai Turanci da Turancin buroka ne harshen kasuwar waƙa. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Waƙar Phyno mai suna Fada Fada, wadda akasarinta da harshen Ibo aka yi ta, ita ce ta lashe kyautar waƙar shekara a 2016. Olamide da Asake kuwa da Yarabanci suka yi suna, suka kuma kwashi kyaututtuka. Ashe ke nan harshen gida ba ya hana cin gasa. Sai mu tambaya: me ya sa na Hausa ya zama saniyar ware, alhali waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker ana sauraronsu daga Sakkwato har Damagaram, daga unguwannin zango na Kumasi har Sudan?

A nawa nazari, dalilin farko yana ga ma'auni. Masu shirya bikin suna duba abin da gidajen rediyon Legas suke sawa da abin da manhajojin sauraron waƙa suka ƙirga. Ita kuwa waƙar Hausa ta daɗe tana yaɗuwa ta hanyar finafinan Kannywood da gidajen biki da rumfunan masu tura waƙa a waya, inda ake cika wa mutum memori da kuɗi kaɗan. Duk wannan sauraro babu mai rubuta shi, kuma abin da ba a ƙirga ba, a wurin ɗan kasuwa tamkar babu shi ne.

Dalili na biyu shi ne na alƙalai. Ƙarfin waƙar Hausa yana ga kalma: amsa-amo da karin sauti da kirari da zambo da habaici. Wanda ba ya jin harshen, kiɗa kawai zai ji, sai ya ce duk waƙoƙinmu iri ɗaya ne. Ta yaya wanda bai san bambancin yabo da gugar zana ba zai auna baitin Aminu Ala?

To amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da namu kason. Har gobe akwai gidajen da ake ɗaukar mawaƙi a matsayin maroƙi, wanda za a yi wa liƙi a biki amma a hana shi aure. Mawaƙanmu da dama ba su da manajoji masu bin ƙa'idar shigar da ayyukansu gasa a kan lokaci, wasu kuma sun mayar da hankali ga waƙar siyasa, wadda take kawo kuɗi nan take amma ta mutu da zarar an gama zaɓe. Bukukuwan karramawa da aka sha ƙirƙirowa a Arewa kuwa sukan yi shekara biyu ko uku su ɓace da zarar mai ɗaukar nauyi ya janye hannunsa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta bai wa Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, saboda malaman wancan zamani sun san darajar abin da ke hannunsu. Mu me muka yi wa na zamaninmu?

Shawarata ga masu shirya Headies ita ce su sanya masu jin Hausa da sanin adabinta a cikin alƙalansu. Ba sadaka muke roƙo ba, kuma ba ma son a yanka mana wani ɗan rukuni a gefe don a rufe mana baki. A auna mu da mudun da aka auna kowa. Su kuma mawaƙanmu su yi rajistar haƙƙin mallakar ayyukansu, su ɗora su inda ake ƙirga masu sauraro. Mu malaman jami'a da ke sassan nazarin harsunan Nijeriya, mu fito daga aji mu taimaka a kafa gasa mai ɗorewa wadda za ta tsaya a kan nagartar baiti, ba a kan aljihun wani ɗan siyasa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Idan muka yi sake, yaro mai basira da ke tasowa yau a Kano ko Gusau zai fahimci cewa sai ya yar da harshen uwarsa kafin ƙasarsa ta san da zamansa. Wannan asara ta fi ta mota ko gunkin tagulla. Allah ya sa mu farga.