Taklidi Ba Ya Gyaran Kwamfuta: Nasiha Ga Samarin Ƙonni Da Malbaza Da Illela

Duk wanda ya zauna da samarin wannan zamani a Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, ya san cewa wasan ƙwallon ƙafa na kwamfuta, musamman wanda kamfanin Konami ya sauya wa suna daga PES zuwa eFootball a 2021, ya daina zama abin da ake yi a tashi a manta, domin yanzu wanda ya ci abokinsa ba ya samun natsuwa sai ya naɗi wasan ya ɗora a TikTok ko Facebook, jama'a su shaida. To, a nan ne ake gamuwa da wata matsala wadda ta yi kusan zama gama-gari: wasan da yake tafiya sumul kafin a taɓa maɓallin naɗi, da zarar an taɓa sai ya soma sarƙewa, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga fanareti, hoto ya daskare, kafin ya warware ƙwallo tana hannun mai tsaron gida. Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, galibin wahalar da samarinmu ke sha, da kuɗin da suke hasara wajen neman mafita, taklidi ne ya jawo su, wato kwaikwayon saitin mutanen da ke zaune a ɗakuna masu sanyi a Turai da Amurka, ba tare da binciken sababin da ya shafi injinmu da ƙasarmu ba.

Asalin al'amarin hisabi ne mai sauƙi. Abin da ido ke gani kamar motsi, hotuna ne tsayayyu da ake jerowa da sauri. Silima tana jero 24 a sakan ɗaya, wasan kwamfuta kuwa an fi son ya jero 60, ma'ana kowane hoto sai an gama zana shi cikin abin da bai kai kashi 17 cikin 1,000 na sakan ba. Idan aka buɗe manhajar naɗi, kamar OBS Studio wadda ake samu kyauta tun 2012, sai a ɗora wa injin ɗawainiya ta biyu a cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci: ya kwafi hoton, ya matse shi don ya rage girma, sa'an nan ya rubuta shi a ma'ajiya. Jakin da ke ɗauke da buhun albasa daga Galmi yana tafiya lafiya, in aka ɗora masa na biyu ya soma ɗingishi, mai hankali ba ya cewa jakin ya lalace. Ko dai ya rage kayan, ko ya raba su.

Saboda haka wajibi na farko shi ne tahƙiƙi, kuma abin mamaki, OBS da kanta tana ba da shaida ga wanda ya tambaye ta, a wata taga mai suna Stats wadda da yawa ba su taɓa buɗewa ba. Tagar tana rarrabe hotunan da suka salwanta gida uku: waɗanda katin hoto bai samu sararin zanawa ba, da waɗanda aka tsallake saboda matsewa ta yi nauyi, da waɗanda suka zube a hanyar intanet. Kashi na uku bai shafi kowa ba sai mai watsa wasa kai tsaye. Wanda ke naɗi zuwa cikin injinsa, ko da babu layi sam a garin, naɗinsa ba zai ragu da hoto ɗaya ba, don haka ɗora wa kamfanin waya laifi a nan zalunci ne ba bisa hujja ba.

Idan shaida ta nuna matsewa ce, to sau da yawa an bar aikin a hannun manhajar matsewa ta x264, wanda ke jingina nauyin duka a kan firosesa, alhali kuwa a cikin injin akwai wani sashe da aka ƙera musamman don wannan aiki yana zaune babu abin yi. Kamfanin Intel ya fara sa irin wannan sashe mai suna Quick Sync a firosesocinsa tun 2011, Nvidia kuma ta fito da nata, NVENC, a 2012, ta yadda da yawa daga tsofaffin laftof na HP da Dell da Lenovo da ake sayowa na hannu suna da wannan baiwa, masu su ba su sani ba. Idan kuwa katin hoto ne ya gaza, maganin shi ne a ƙayyade wa wasan iyakar hotunan da zai zana, 60 ko ma 30, domin wasan da aka sake shi ba linzami yakan cinye ƙarfin katin gaba ɗaya, bai bar wa manhajar naɗi komai ba. Buɗe OBS da izinin mai gudanarwa a Windows shi ma yana sa a ba ta rabonta.

Daga nan sai batun ƙana'a, wanda shi ne ya fi yi wa samari ɗaci. Hoto mai girman 1920 a 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, in aka ninka sau 60 ya haura miliyan 124 a kowane sakan. Mai girman 1280 a 720 kuwa, a hotuna 30, bai kai miliyan 28 ba, wato nauyin ya ragu ninki huɗu da rabi. Tun da yake mafi yawan waɗanda za su kalli wannan bidiyo a wayar hannu za su kalle shi, bayan WhatsApp ko Facebook sun sake matse shi, kuma da data mai tsada, ina fa'idar azabtar da inji don ingancin da ba zai isa idon mai kallo ba? Bidiyo matsakaici mai tafiya daidai ya fi babba mai tsalle-tsalle daɗin kallo, wannan kuwa kowa shaida ne.

Amma sababin da masu koyarwa na ƙasashen waje ba su cika tsayawa a kansa ba, kuma shi ne babba a wurinmu, zafi ne da ƙura. An ƙera firosesa ta yadda in zafinta ya doshi digiri 100 za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa, tazarar da ta rage kaɗan ce tun kafin a kunna wasa. Alamarsa a fili take: naɗi ya fara lafiya, bayan ɗan lokaci fanka ta hau kuka, hoto ya soma yankewa. A kai irin wannan laftof wurin mai gyara, ya kwance sukurori ya ɗaga murfi, sai a tarar ƙurar hunturu ta haɗu da zaren katifa ta zama wani ɗan dunƙule kamar auduga, ta toshe ragar da iska ke fita, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe yana marmashewa. Buroshi mai laushi, da sabon mai, da ɗaga injin daga kan katifa ko tabarma zuwa tebur, da jinkirta naɗi zuwa bayan lisha ko bayan asuba, sukan yi abin da sabon kati mai tsada ba zai yi ba.

Sai kuma wuta. Malbaza ce ta samu tashar lantarki ta hasken rana mai megawat 7 a 2018, amma duk da haka ba mu manta yadda aka zauna ba lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa shekara ta gaba. Wannan ya shafi mai naɗi ta fuska biyu. Laftof in ta koma kan batir takan rage ƙarfinta don tsimi, don haka hoto yakan faɗi a daidai lokacin da aka ɗauke wuta ko da injin bai mutu ba. Sa'an nan naɗin da ake yi da siffar MP4 ta asali, in inji ya mutu kafin a rufe shi, yakan ƙi buɗewa gaba ɗaya, alhali na MKV yana tsira har zuwa inda aka tsaya, kuma OBS tana iya mayar da shi MP4 daga baya ba tare da ya rasa kome ba.

Na san akwai dattawan da za su ce wannan duka lagawu ne da bai cancanci filin jarida ba, kuma suna da gaskiya a kan yaron da wasa ya hana shi salla ko karatu, wannan babu mai kare shi. Akwai kuma samarin da za su ce tsohon inji tsoho ne, sai sabo, su ma wani lokaci suna da gaskiya, domin akwai wasannin da ƙaramar laftof ta ofis ba za ta taɓa ɗauka ba. Abin da nake ja a kai shi ne tartibi: a auna, a sauya abu ɗaya, a sake aunawa, sai in hujja ta tabbata sa'an nan a kwance bakin aljihu. Yaron da ya koyi wannan tartibi a kan wasan ƙwallo, shi ne gobe zai iya haɗa bidiyon biki, ko watsa wa'azi kai tsaye daga masallaci, ko gyara kwamfutocin makaranta da na ma'aikata, kuma waɗannan sana'o'i ne da garuruwanmu ke bukata. Don haka ina kira ga masu shagunan gyara da su riƙa nuna wa samari sababi kafin su faɗi farashi, ga iyaye kuma, in yaro ya zo neman kuɗin sabon inji, su tambaye shi abin da ya auna da abin da ya gano kafin su ba shi ko sisi.