Filin Wasanni: Kafin Mu Zargi Koci, Mu Dubi Filinmu

Duk lokacin da aka fitar da sunayen 'yan wasan ƙungiyar ƙasa, wato Éperviers, sai gardama ta kaure a zangon Sokode da na Dapaong har zuwa Kambole. Wani ya ce an yi son kai, wani ya ce in yaro ba ya wasa a Lome ko Turai, to koci ba ya ganinsa.

Masu wannan ƙorafi suna da hujja, domin arewa ba ta rasa gwanaye ba. Ƙwallo ɗaya tak da Togo ta ci a gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus, Mohamed Kader Coubadja ne ya jefa ta a ragar Koriya ta Kudu, shi kuwa haifaffen Sokode ne. Semassi ta Sokode ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 1984, Koroki ta Tchamba kuma ta zama zakaran ƙasa a 2018.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Yawancin yaranmu a kan tsakuwa suke koyon ƙwallo. Da hunturu ƙasa ta bushe kamar dutse, ƙwallo tana tsalle yadda ta ga dama, da damina kuwa fili ya koma taɓo. Wanda ya taso haka yakan saba da buga ta sama, mai tsaron gida kuma ya riƙa tsoron faɗuwa. Ran da aka kai shi gwaji kan ciyawa, sai ƙafa ta ƙi ba shi haɗin kai.

Ko manya ma fili yana kayar da su. A gasar Afirka ta 2013, Togo ta buga wasan kusa da na kusa da ƙarshe a Nelspruit ta Afirka ta Kudu, a filin da yashi ya cinye, har Adebayor ya yi kuka da shi. Burkina Faso ta ci mu 1 da 0 bayan ƙarin lokaci.

Saboda haka muna kira ga sarakunan zango da 'yan kasuwa da samari, a yi gayya a tsince tsakuwa, a cike ramuka, a haƙa magudanar ruwa tun kafin damina ta faɗi. In mun gyara namu, sai mu tuhumi koci da ƙarfin gwiwa.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.