Ledar jinin da ke iya rufe ƙofar dashen ƙoda

A yawancin cibiyoyin wankin ƙoda a ƙasar nan, da zarar an auna majiyyaci aka ga jininsa ya yi ƙasa, sai a ce 'yan uwa su zo su ba da jini. Ɗa ya miƙa hannu, ƙane ya miƙa, a ɗaura leda, majiyyaci ya ɗan warware, kowa ya yi hamdala. Abin da ba a cika faɗa wa iyalin ba shi ne, wannan ledar tana iya sa jikin majiyyacin ya ƙi karɓar ƙodar da ɗan ko ƙanen zai ba shi gobe.

Ƙarancin jini da ciwon ƙoda tare suke tafiya. Ban da tace jini, ƙoda ce ke samar da sinadarin da likitoci ke kira EPO, wanda ke umartar ɓargo ya samar da jajayen ƙwayoyin jini. Idan ƙoda ta gaza, umarnin sai ya yi rauni. Ga kuma ɗan jinin da ke maƙalewa a na'ura duk lokacin da aka yi wanki, ga ƙarancin sinadarin ƙarfe.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1989 Amurka ta amince da allurar EPO, kuma idan aka haɗa ta da sinadarin ƙarfe ta jijiya, yawancin masu wankin ƙoda kan daɗe ba su buƙaci ƙarin jini ba. Ita ma tana da iyakarta: bincike ya nuna cewa tura ma'aunin himogulobin zuwa 13 ko sama na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ake tsayawa tsakanin 10 zuwa 11.5. Matsalarmu a nan kuɗi ce. Allurar ta kowane mako ce, jinin ɗan uwa kuwa kamar kyauta yake.

To amma fa ba kyauta ba ne. Kowane mutum yana da tambari a jikin ƙwayoyin halittarsa, wanda ake kira HLA, kuma tambarin da ke kan fararen ƙwayoyin jininsa shi ne a kan ƙodarsa. Idan aka ƙara wa majiyyaci jinin wani, garkuwar jikinsa na iya ɗaukar tambarin a matsayin na abokin gaba, ta tanadi makaman yaƙarsa, ta kuma riƙe shi a ƙwaƙwalwa shekara da shekaru. Ranar da aka zo gwajin dacewa kafin dashe, sai jinin majiyyaci ya far wa ƙwayoyin mai ba da ƙodar, likita ya ce a nemo wani.

Wa za a nemo? A Turai akwai jerin jiran ƙodar waɗanda suka rasu. Mu kuwa, tun daga lokacin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashe a 2002, da masu rai muka dogara, galibi 'yan gida ɗaya. Da yake dangi suna tarayya a tambarin nan, jinin ƙane ɗaya na iya fitar da wasu 'yan uwan ma daga lissafi.

Mata sun fi shiga wannan haɗari, domin ciki ma yana gabatar wa jikin uwa tambarin uban ɗanta. Matar da ta haihu sau shida ko bakwai, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, leda ɗaya daga ɗanta ko mijinta na iya farkar da abin da ya daɗe a kwance. Akwai hanyoyin wanke waɗannan makamai daga jini, amma wanda ya kasa sayen allura ba zai iya kuɗinsu ba.

Ba ina cewa a daina ƙarin jini ba ne. Wanda ke zubar da jini, ko jininsa ya faɗi har zuciya ta fara galabaita, ceton ransa ne a gaba. Ƙorafina a kan ledar da ake ɗaurawa ne don kawai babu kuɗin allura.

Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, kuma ta cancanci yabo. Sai dai duk tallafin da bai kai ga EPO da sinadarin ƙarfe ba, rabin aiki ne. Ko a Amurka, da aka sauya tsarin biyan kuɗin wankin ƙoda a 2011, amfani da allurar ya ragu, ƙarin jini ya ƙaru.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kafin a ɗaura ledar farko, likita ya zauna da iyali ya tambaya: wa ake sa ran zai ba da ƙoda? Wannan mutumin a keɓe shi, kada ya ba da jini. A rubuta kowace leda da aka ƙara a katin majiyyaci, a kuma yi amfani da jinin da aka tace fararen ƙwayoyinsa inda akwai shi, duk da cewa tacewar rage haɗarin take yi, ba ta kawar da shi gaba ɗaya.