Ranar da Yaro ya Ɗanɗani Kunu, Wankin Nafkin ya Canza

Wata 'yar uwa daga Boyekai ta ƙasar Goronyo ce ta aiko da tambaya. Ta ce tun da ɗanta ya cika wata shida ta fara ba shi kunun gero, nafkin ɗinsa ya daina fita da wanki, ga wari ko bayan ya bushe. Wai ko omo ɗin ne ba shi da kyau?

'Yar uwa, omo bai yi laifi ba, kashin ne ya canza. Lokacin da yaro ke kan nono zalla, kashinsa ruwa-ruwa ne, da an zuba ruwa sai ya bi. Da zarar ya fara kunu, fate ko ɗan tuwo da miya, sai ya yi kauri ya kama tsumma, warinsa ya koma irin na manya. To daga ranar nan, ki ɗauke shi kamar na manya ɗin.

A nan ne da yawanmu muke kuskure. Mun tashi muna jin ana cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne, shi ya sa za ki ga an ɗauraye tsumma a bakin rijiya, an watsa ruwan a tsakar gida inda kaji ke kiwo, inda shi kansa yaron zai yi rarrafe anjima. Alhali masana lafiya sun tabbatar ƙwayoyin gudawa, kwalara da tsutsar ciki duk ta bayan gida suke yaɗuwa, kuma na ƙananan yara ba ya rasa su. Ita ma cutar shan inna, wadda sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da nau'inta na asali, ta nan take bi. Idan yaro ya kama zawo sai mu ce haƙori ne. Sau da yawa ba haƙori ba ne, hannunmu ne da tsakar gidanmu.

Saboda haka kafin ruwa ya taɓa nafkin, ki fara kankare kashin da guntun kara ko takarda, ki jefa a masai. Kada ki bari ya bushe a jiki, nan wahalar take. Sannan ki ɗauraye a bokitin da kika ware don wannan aiki kawai, ba wanda ake ɗebo ruwan sha ko wanke-wanke da shi ba. Wannan ruwan farko shi ma masai za shi. Sai ki jiƙa da omo, in da hali da ruwan zafi, amma kada jiƙon ya wuce kwana ɗaya, don tsumma zai yi tsami. Ki rufe bokitin ki ɗaga shi sama. Ban da ƙuda, yaro mai koyon tsayuwa yana iya faɗawa ciki da ka, Allah Ya tsare.

Masu sa bilic, ɗan kaɗan ya isa, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki ko a zuba shi kan tsumman da ba a ɗauraye fitsarinsa ba, domin yana tayar da iska mai cutar da ƙirji. Ni dai na fi yarda da rana. Allah Ya hore mana ita a ƙasar Sakkwato, ki shanya a kan igiya, ba a ƙasa ko kan danga ba, ki bari ya bushe ƙarau. Nafkin da ya rage damshi ko kumfa shi ke sa gindin yaro ya yi ja ya saɓule.

Akwai kuma ɓangaren tsarki. A mazhabarmu ta Malikiyya, fitsari da kashin jariri najasa ne, ko ya fara cin abinci ko bai fara ba. Ruwan omo yana fitar da datti, amma abin da ke tsarkakewa shi ne ruwa tsantsa, don haka ɗaurayar ƙarshe ki yi ta da ruwan da ba a sa masa komai ba har ya fita garau. In ɗan launi ya ƙi fita bayan kin yi iyakar ƙoƙarinki, ba komai. Malamai sun yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya taɓa tufafinta matuƙar tana kiyayewa, sun kuma so ta ware zanen salla daban. Wannan yana cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, ki tambayi malamarku ta Islamiyya ta ƙara miki bayani.

Yanzu bari in yi magana da ku mutanen bakin ruwa, daga Goronyo zuwa Wurno inda Gulbin Rima da magudanan noman rani suka ratsa, har da 'yan uwanmu na fadamar Rabah. Na san ruwan gida tsada gare shi, kuma ya fi sauƙi a ɗora wa yarinya kwanon tsummoki ta kai gulbi. Amma ruwan da ya wuce ki, wani gari ne zai sha, da shi ake ban ruwan albasa da tafarnuwa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san yadda ruwa ke haɗa masai da rijiya cikin dare ɗaya. A 2021 kuma kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, jihar Sakkwato na cikin inda ta taɓa. In ya zama dole a ɗebo daga gulbi, a ɗebo a kawo gida a yi wankin nesa da rijiya. Masu amfani da famfas ma ba su tsira ba, a juye kashin a masai kafin a ƙulle shi a leda, kada a bar wa awaki da iska.

In kin gama, ki wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ki taɓa kofin kununsa, buta da ruwa kaɗai ba su isa ba. In kuwa kika ga kashin ya koma ruwa sau uku ko fiye a yini, ki ci gaba da ba shi nono, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, ki kai shi asibiti a ba shi maganin zinc. In da jini a ciki, ko ya ƙi karɓar nono, kada ki jira gari ya waye.