Ƙwayar Hana Barci Da Karatun Dare: Me Ƙwaƙwalwa Ke Cewa?

Da zarar jarrabawa ta ƙarato, sai ka ga ɗalibai sun duƙufa ga cin goro da shan shayi mai kauri, wasu ma har da haɗiyar ƙwayoyi, domin su kwana suna karatu. A ra'ayina wannan ɗabi'a asara ce, kuma hujjata tana cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai. Babba daga cikin masu zaburarwa shi ne gulutamet, wanda yakan tsallaka 'yar tazarar da ke tsakanin jijiya da jijiya ya tayar da ta gaba. Muddin mutum yana farke, wani sinadarin mai suna adenosin yana ta taruwa, yana taka wa sakin gulutamet birki. Wannan na daga cikin abin da ke jawo gyangyaɗi.

To, ina aikin goro? Kafeyin da ke cikinsa, da cikin shayi da kofi, yakan toshe gurbin da adenosin ke kamawa. Birki ya saki ke nan, gulutamet ya ci gaba da kwarara, ido ya bushe. Amma adenosin yana nan bai gushe ba, jira kawai yake yi. Bayan kamar awa 5, rabin kafeyin ɗin ne kaɗai ya bar jini, don haka goron la'asar yana iya ɓata barcin dare.

Haka kuma modafinil, maganin da aka ƙirƙiro a Faransa, wanda Amurka ta amince da shi a 1998 domin masu cutar yawan barci. Yana hana jijiyoyi saurin janye dofamin, kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna yana ƙara gulutamet a wasu sassan ƙwaƙwalwa, yana rage GABA, sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi. Magani ne na marasa lafiya, a hannun likita.

Ga inda gizo ke saƙa. Gulutamet ɗin nan shi ne ginshiƙin koyo. A 1973 Bliss da Lomo suka nuna cewa mahaɗar jijiyoyi takan ƙara ƙarfi idan aka yi ta amfani da ita, daga baya aka gano hannun gulutamet a ciki. Sai dai abin da aka koya da rana, a cikin barci yake daɗa kafuwa. Ɗalibin da ya kwana ido biyu ya zuba iri ne ya hana shi ruwa.

Saboda haka ina kira ga malamai, musamman na makarantun kwana, da su daina yaba wa mai kwana a aji, su koya wa yara raba karatu tun farkon zango. Ku kuma ɗalibai, shekarunku na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Ba a fafe gora ranar tafiya.