Martani Ga Masu Cewa Baƙi Sun Mamaye Sifaniya

Tun bayan rikicin Torre Pacheco da ke yankin Murcia a watan Yulin 2025, inda aka yi wa wani dattijo duka, wasu gungun matasa suka fake da hakan suka shiga farautar 'yan Arewacin Afirka, jam'iyyar Vox ta Santiago Abascal ta ƙara ƙaimi wajen ɗora wa baƙi laifin duk abin da ya lalace a ƙasar. Zarge-zargen nata huɗu ne, kuma kowanne yana da amsa.

Zargi na farko shi ne wai 'yan Afirka ne ke kwararowa ta teku suna cika ƙasar. Gaskiya ne baƙi sun yi yawa. Cikin mutum kusan miliyan 49, sama da miliyan 9 a waje aka haife su, alhali a 1998 baƙi ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Amma ta ina suka shigo? A 2024, shekarar da ta fi kowace cunkoso, mutum 46,843 ne suka isa Tsibiran Kanari cikin kwale-kwale daga gaɓar Muritaniya, Senegal da Gambiya, a ƙasar da fiye da mutum miliyan ɗaya ke shiga a shekara. Da yawa daga cikin sababbin zuwa ta jirgin sama suke sauka a Madrid da Basalona, daga Kolambiya, Benezuwela da Peru. Sifaniyanci harshen uwa ne a gare su, galibinsu Kiristoci ne, kuma doka ta ba su damar neman zama 'yan ƙasa bayan shekara 2, inda ɗan Maroko ko ɗan Mali sai ya yi 10. Kwale-kwalen ake haskawa a talabijin saboda shi ya fi tsorata masu zaɓe.

Na biyu, wai suna cinye dukiyar gwamnati. Macen Sifaniya a yau 'ya'yan da take haifa a matsakaici ba su kai 1.2 ba, kuma tun 2017 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa duk shekara. To, wa zai biya fanshon tsofaffi? A 2025 baƙin da ke zuba kuɗi a asusun fansho da inshorar ma'aikata sun haura miliyan 3. Su ne ke tsinkar tumatir a rumfunan leda na Almeria, su ne ke jinyar tsofaffi a gidajen Madrid, su ne ke ɗaukar bulo a wuraren gini. Da guminsu tattalin arzikin ƙasar ya haɓaka da fiye da kashi 3 a 2024, lokacin da na Jamus ke ja da baya.

Na uku, wai su suka kawo aikata laifi. Ba a musun cewa kasonsu a gidajen yari ya zarce kasonsu cikin jama'a, domin yawancinsu samari ne, talakawa, da yawa ba takardun aiki. Sai dai cikin shekarun da yawan baƙi ya ninka sau da dama, kisan kai bai kai mutum ɗaya cikin 100,000 ba a shekarun baya-bayan nan, abin da ya sa Sifaniya cikin ƙasashen Turai mafi kwanciyar hankali. Wanda ya yi laifi a kai shi kotu da sunansa, a ƙyale maƙwabcinsa.

Na huɗu, wai su suka tsauwala kuɗin haya. Ƙaruwar jama'a tana da hannu, amma an bar jaki ana dukan taiki. Kafin rushewar kasuwar gidaje a 2008 ana gina ɗaruruwan dubban gidaje a shekara. Yanzu da ƙyar ake kammala 100,000. Ga kuma 'yan yawon buɗe ido kusan miliyan 94 a 2024, waɗanda masu gidaje suka fi son ba su haya ta kwanaki.

Sifaniyawa su tuna cewa a shekarun 1960 iyayensu ne ke cika jiragen ƙasa zuwa Jamus, Faransa da Suwizalan neman abin kai wa baki. Sannan gwamnatin Aznar mai ra'ayin riƙau da ta Zapatero duk sun ba baƙi takardu, ta biyun ta halatta zaman sama da mutum 500,000 a 2005, ƙasa kuwa ba ta kife ba. Abin da ya kamata shi ne a buɗe halatattun hanyoyin shiga, a ba masu aiki takardu su biya haraji, a gina gidaje. Korar baƙi ba za ta haifa wa Sifaniya jariri ko ɗaya ba.